Gashin kare da huhun mai shara: wace huba ce ta dace da gidan renon karnuka a Landan?

A Landan akwai wata sana'a da in ka ba mutanen gida labarinta sai su ɗauka zolaya kake yi, wato gidan renon karnuka. Mutum zai tashi da safe ya sa wa karensa igiya, ya kai shi wani gida ya ajiye, ya wuce ofis, da yamma ya biyo ya ɗauke shi, kamar yadda ake kai yaro wajen reno. Wasu gidajen ma mota suke turawa ƙofa-ƙofa tana kwasar karnukan. Kuɗin yini guda a unguwanni da yawa yakan kai fam 40 ko ya wuce. Karnukan da ke Birtaniya sun haura miliyan 10, kuma a lokacin kullen korona na 2020 mutane sun yi ta sayen 'yan kwikwiyo don ɗebe kewa. Da aka buɗe ofisoshi sai aka rasa inda za a bar su, kasuwar masu reno ta buɗe.

Mai karatu zai ce to mu ina ruwanmu. Ruwanmu shi ne shara. Duk inda karnuka talatin ko arba'in suka wuni suna guje-guje, da yamma sai an samu mai kwashe abin da suka bari, kuma kamfanonin shara na Landan cike suke da mutanenmu: ɗaliban da biza ta ba su awa 20 a mako, mazajen nas-nas da suka biyo matansu, da matan da ke haɗa aiki biyu don a biya haya a kuma tura wani abu gida. Ga kuma masu kula da tsofaffi a gidajensu, waɗanda kullum sai sun shiga falon da kare ya fi kowa iko da kujerar kushin.

Kwanakin baya a wajen wani suna a Barking, wata 'yar uwa Bakatsiniya ta ja ni gefe. Tana sharar yamma a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje a kudancin Landan. Hubar wurin, irin mai batir ɗin nan, ta mutu, kuma ita ce ta biyu cikin shekara guda. Mai wurin ta ce tunda ita ke riƙe injin, ta zaɓo wanda za a saya. Sai dai abin da ya sa ta neme ni ba injin ba ne, tari ne da ya fara tashinta da daddare, ga ƙaiƙayin ido da atishawa ba ƙaƙƙautawa. Ita a ganinta matsala biyu ce daban-daban. Ni kuwa ina ji na san guda ce.

Abin da ke cikin gashin

Gashin da ido ke gani, wanda ke taruwa a lungu kamar auduga, shi ne mafi sauƙin al'amarin. Abin da ke tayar da asma da mura wani sinadari ne da ke cikin yawun kare da amosanin fatarsa. Kare yana lasar jikinsa, yawun ya bushe a kan gashi, ya farfashe ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta tashi ta daɗe tana yawo a iska. Shi ya sa zancen da masu sayar da karnuka ke yi cewa akwai irin da ba ya sa mutum atishawa, kamar su Poodle da Cockapoo, bai da tushe mai ƙarfi. Gaskiya ne ba sa zubar da gashi sosai, amma yawu da fata kowane kare yana da su. Masu zuba kuwa su ne masu gashi ninki biyu, irin su Husky, Labrador, Golden Retriever da karen 'yan sanda da ake kira German Shepherd. Sau biyu a shekara, idan sanyi zai fita da kuma idan zai shigo, sukan zubar da na ƙasan kamar ana fige kaza.

Bayan wannan akwai ƙwayayen ƙuma da ke faɗawa cikin kafet da ƙarƙashin shimfiɗar karnuka su ƙyanƙyashe, akwai kuma makero, wanda mutum kan ɗauka daga gashin dabba mai ɗauke da shi. Abu guda da zan kwantar wa mutanenmu hankali a kai shi ne ciwon haukan kare. Mu da muka taso da jin labarin wanda kare ya ciza ya mutu yana gudun ruwa, tsoronmu yana da dalili. Amma Birtaniya ta kawar da wannan cuta a cikin karnukanta tun 1922. Cizo dai cizo ne, a wanke shi da ruwa da sabulu sosai a je a nuna wa ma'aikatan lafiya, domin bakin kare ba ya rasa ƙwayoyin cuta.

To a nan ne zaɓen huba ya zama maganar lafiya. Injin zuƙe ƙura iska yake ja ta gaba ya fitar ta baya. Idan matatarsa ba ta da kyau, gashin ne kawai zai tsaya a ciki, ƙurar mai cutarwa ta fito ta baya ta bazu a ɗakin, daidai hancin mai turawa. Wato ƙurar da take kwance lafiya a ƙasa, kai da kanka ka tashe ta ka shaƙa. Abin mamaki, wanda ya ƙirƙiro hubar da ake turawa da hannu, James Murray Spangler, mai shara ne a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, kuma asma ce ta dame shi har ya haɗa injin. A 1908 ya sayar wa William Hoover haƙƙin ƙirar, sunan Hoover ya bi injin, har yau Turawan Ingila da shi suke kiran kowane iri, mu ma muka ara muka ce huba. Tun kafin nan, a 1901, wani injiniya mai suna Hubert Cecil Booth ya yi nasa a nan Landan, ƙato ne da doki ke ja, a tsayar da shi a bakin titi a zura tiyo ta taga.

Matata, jaka da girman ciki

Abu na farko da za a duba a jikin kwali shi ne kalmar HEPA, tare da lamba. A ma'aunin Turai, matata mai lamba H13 tana tare aƙalla kashi 99.95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura mafi wuyar kamawa. A yi hattara da masu rubuta cewa matatarsu "irin ta HEPA" ce ba tare da lamba ba, wannan salon talla ne. Sannan matata mai kyau a cikin injin da jikinsa ke yoyon iska aikin banza ce, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nemi wanda aka ce jikinsa a toshe yake gaba ɗaya, duk iskar da ta shiga sai ta bi ta matata kafin ta fita.

Na biyu, mai jaka ko marar jaka. Tun da James Dyson ya fito da injinsa marar jaka a 1993, mutane suka ɗauki jaka a matsayin tsohon yayi. A gidan mutum ɗaya mai kare ɗaya ba laifi. A gidan reno kuwa ni ra'ayina a fili yake: mai jaka. Duk wanda ya taɓa zazzage kwandon huba marar jaka ya san yadda gashi ke cunkushewa ya ƙi fita, sai ka sa hannu ko tsinke ka zaƙulo, ƙura ta turnuƙe maka fuska. Yi wannan sau biyar ko shida kowace yamma, kwana biyar a mako, ka ga abin da huhu zai tara. Jaka kuwa in ta cika, ka rufe bakinta ka jefa a bola, shi ke nan. Eh, jaka kuɗi ce, kuma mai wuri zai yi ƙorafi a kai. Amma a kwali ake sayenta, kuma kuɗin jakar wata guda bai kai asarar yini ɗaya da ma'aikaci zai yi a kwance ba.

Girman ciki ma abin dubawa ne. Yawancin masu batir kwandonsu bai kai lita ɗaya ba. Henry, jan injin nan mai fuskar murmushi da ake gani a kusan kowane ofis da makaranta a ƙasar nan, yana ɗaukar lita 6 ko 9 gwargwadon nau'insa, ga waya mai tsawon mita 10. Kamfanin Numatic ne ke ƙera shi tun 1981, yanzu a garin Chard da ke Somerset. Ba shi da wani ƙyale-ƙyale, mota ce da bokiti da tiyo, kuma wannan ne sirrinsa, domin kusan duk abin da ya lalace a jikinsa ana samun madadinsa. Akwai nau'insa na masu dabbobi mai matatar gawayi don rage wari, akwai na masu asma mai matatar HEPA, sannan kamfanin yana da jerin waɗanda aka yi musamman don wuraren sana'a.

Wannan batu na ƙarshe shi ne tarkon da masu ƙananan wurare ke yawan faɗawa. Hubar da aka yi don gida an yi ta ne a kunna ta 'yan mintuna sau biyu ko uku a mako. In aka sa ta aikin awa biyu kullum, motar za ta yi zafi ta ƙone. Kuma in ka koma da rasit, yawancin kamfanoni sun rubuta a takardar garanti cewa ba ruwansu da injin gida da aka yi sana'a da shi. Haka nan kariyar da dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta bayar, ta mayar da kaya mai aibi cikin kwana 30, ta mai sayayya don kansa ce, ba ta kamfani ba. Abin da ya cinye hubobi biyun wurin 'yar uwar nan ke nan: kuɗi mai yawa aka zuba a kan injin da ba don wannan aiki aka yi shi ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba kullum take biya ba.

Kada kuma a ruɗu da yawan wat. Tun watan Satumba na 2014 dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da hubar gida mai waya da ta wuce wat 1,600, a Satumban 2017 aka sauko da shi zuwa 900, aka kuma ƙayyade ƙara kada ta wuce desibel 80. Henry na yanzu wat 620 yake ci, kuma yana jan gashi yadda ake so. Wat wutar da injin ke sha yake nunawa. Ƙarfin zuƙa kuwa ya dogara da faɗin tiyo, ƙirar bakin, da kuma ko matata a toshe take ko a buɗe.

Daɓen wurin shi ke zaɓen baki

Tun 1 ga Oktoba 2018, duk mai gidan renon karnuka a Ingila sai ya karɓi lasisi daga kansul ɗin unguwarsa. Jami'i yakan zo ya duba, ya ba wurin tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma cikin abin da ake dubawa har da tsarin tsafta da irin daɓen, wanda ake so ya zama mai wankuwa, marar shan ruwa. Saboda haka da wuya ka ga kafet a inda karnuka ke wasa, sai roba, leda mai kauri ko siminti mai fenti. A irin wannan daɓe buroshi mai juyawa, wanda talla ke ta kururutawa, ba shi da wani amfani sosai. Hasali ma shi ne ke fara kawo matsala: dogon gashi ya nannaɗe shi, ya shaƙe, bel ya tsinke ko ka ji ƙaurin roba. Shark da Dyson duk sun fito da bakin da ke warware gashi da kansa, kuma a kafet ɗin gida suna taimakawa. Inda wurin ke da kafet a ɗakin karɓar baƙi ko ofis, Sebo na Jamus, wanda otal-otal ke yawan amfani da shi, yana da jaka kuma ana zare buroshinsa da hannu a tsaftace ba sai an nemo sukudireba ba. Miele ma na Jamus yana da nau'in masu kyanwa da kare, mai kyau ƙwarai, sai dai na gida ne, maganar garanti tana nan.

Wata dabara da tsofaffin ma'aikata suka sani: kafin a kunna huba, a bi daɓen da tsintsiyar roba, mai haƙora kamar matsefi. Tana tattara gashi ya dunƙule ba tare da ta tayar da ƙura ba, a kwashe da hannu cikin safa. Rabin aikin ya ƙare, jaka ta daɗe ba ta cika ba. Tsintsiyarmu ta kaba ko buroshi mai tauri kuwa a bar su a waje, don watsa ƙurar kawai suke yi.

Sai maganar jiƙa. Kare ba ya neman izini kafin ya yi fitsari, ga ruwan sha da suke zubarwa, ga taɓon da suke kwasowa daga fili a ƙasar da ruwan sama ba ya gajiya. Hubar busasshen wuri in ta zuƙi ruwa, ko motar ta ƙone ko wuta ta ja mutum, in ma an tsira to warin da zai zauna a cikinta sai an jefar da ita. Don haka ana buƙatar na biyu, mai shan ruwa da ƙura, irin su George da Charles na Numatic ko masu ruwan ɗorawan nan na Kärcher. Kashi da amai kuwa ba aikin huba ba ne sam, a kwashe da takarda da safar hannu a wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya cutar da dabba. Mai batir kuma ba cewa na yi a yar da shi ba. Yana da rana a cikin motar ɗaukar karnuka da kan matakala. A dai sani cewa awa gudar da ake rubutawa a kwali a ƙaramin gudu ne, in ka sa shi a mafi ƙarfi, wanda gashi ke buƙata, 'yan mintuna ne ya mutu.

A kuma yi sharar bayan an kwashe karnukan ko an mayar da su wani ɗaki. Kunnen kare yana jin siririyar ƙarar da namu ba ya ji, kuma karen da ya firgita shi ne mai cizo.

In tari ya fara

A nan zan sa hular aikina. Alamar da muke nema ita ce wannan: tari, shaƙewar ƙirji, numfashi mai fito ko toshewar hanci da ke tsananta a ranakun aiki ko cikin daren bayan aiki, su lafa a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Duk wanda ya ga haka ya je wurin likitan unguwarsa, kuma ya faɗa masa ainihin aikin da yake yi. Na san dalilin da ya sa nake jaddada wannan. Da yawa daga cikinmu kunyar aikin suke ji, a gida an san su da digiri, ba sa so a ji suna sharar gidan karnuka, sai su ce wa likita sanyi ne kawai. Likita ba zai kai labarinka Funtuwa ba. Zai iya ba ka ɗan bututun auna ƙarfin numfashi ka riƙa hurawa kana rubutawa, a ranar aiki da ranar hutu, daga nan a gane. Asmar da aiki ya jawo in an gano ta da wuri takan yi sauƙi sosai, in kuwa aka yi shekaru ana shaƙa tana iya zama ta dindindin ko da an bar aikin. Wanda numfashi ya gagare shi har ba ya iya ƙarasa magana, ko inhela ta ƙi yi masa aiki, 999 zai kira, ba jiran gari ya waye ba.

Doka tana bayan ma'aikaci a nan. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta hana mai aiki cajin ma'aikaci kuɗin kayan kariyar da doka ta wajabta, kuma ƙa'idojin COSHH na 2002 sun ɗora masa nauyin duba duk abin da ake shaƙa mai cutarwa da rage shi, har da ƙurar jikin dabbobi. Takunkumin da ya dace shi ne mai lamba FFP2 ko FFP3, ba shuɗin nan na zamanin korona ba. Ga 'yan uwa maza masu gemu, irin wannan takunkumi ba ya kama fuska in akwai gashi, iska ta gefe take shiga. Ba sai an aske ba, akwai mai kama da hular kwano da ke hura tatacciyar iska, a nemi mai aiki ya samar. Kayan aiki kuma a cire su a wurin aiki a ƙulle a leda, kada a shiga da su gida a rungumi yaro mai asma.

Tambayar da ta fi kowace yawa in an zauna ita ce ta sallah: gashin ya maƙale a hijabi ko wando, ya ke nan? Ni ba malama ba ce, amma abin da aka sani a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai, kuma yana cikin Mukhtasar na Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa da guminsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsananta, suna ganin najasa ce mai nauyi. Hanafiyya, waɗanda su ne mafi yawa a masallatan 'yan Pakistan da Bangladesh da muke sallah a cikinsu a nan, suna ɗaukar yawun najasa amma ban da gashin. Shi ya sa za ka ji amsa uku a masallaci uku. Fitsari da kashi dai babu saɓani. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi, kuma ware kayan aiki daban da na sallah ya raba gardama, ya kuma yi daidai da abin da asibiti ke so.

Ga masu niyyar sa huba a kwantena su aika gida saboda ƙurar hunturu, wutar Najeriya da ta Birtaniya ɗaya ce, bolt 230, kuma filogi mai ƙafa uku zai shiga soket ɗin Kano ba tare da wata dabara ba. A Maraɗi da Damagaram sai an nemi adafta, don soket ɗinsu irin na Faransa ne. Ƙurar hunturu ta fi gashin kare saurin toshe matata, saboda haka duk wanda zai aika mai jaka ya haɗa da kwalin jakunkuna biyu ko uku da matata ta canji, domin samun daidai nau'in a kasuwa sa'a ce. Mai batir kuma a tambayi kamfanin jigila tukuna, don batirin litiyom yana da tasa ƙa'idar a jirgi. A kuma duba janareton gidan: ƙaramin nan da ke ɗaukar fanka da talabijin zai sha wuya da injin wat 900, musamman a lokacin tayarwa, sai dai a kashe sauran kayan kafin a kunna.